Malama Ƙararrawa Ta Sauko Ƙasa

Shekara talatin da uku Malama ta yi tana koyar da 'yan aji ɗaya, kuma a ɗaki guda ta yi su, wanda ke kusa da famfo, mai tagar nan da ba ta rufuwa. Sunan Ƙararrawa kuwa ba ita ta zaɓa ba. Wani zango ne ƙararrawar makarantar ta tsage, hedimasta ya ce kafin a sayo sabuwa, Malama ta riƙa tsayawa a bakin aji tana kiran yara idan hutun safe ya ƙare. Ta kira sau ɗaya, har yaran makarantar da ke tsallaken titi suka ruga aji. Daga ranar ba wanda ya sake tayar da zancen sayen ƙararrawa.

Kowa Malama yake ce mata: maƙwabta, mai kanti, 'ya'yan da ta haifa, har mijinta, Allah ya jiƙansa, wanda ya bar duniya bai taɓa kayar da ita a gardama ba. Ta yi ritaya, amma ba wanda ya sanar da bakinta. Jan biro na nan a jakarta har gobe. Ba ta iya miƙa wa yaro ayaba ba tare da ta tambaye shi launinta ba, in ya amsa kuma sai ta tambaye shi nawa za su rage idan an cinye ɗaya. Kada ku ɗauka mugunta ce, wallahi mace ce mai kirki. Kirkin nata ne ba ya zuwa shi kaɗai, sai da tambayoyi a bayansa.

Autarta tana aiki a kantin magani, mijin autar mai gyaran firiji ne, suna zaune a hawa na biyu na wani bene mai matakala ashirin da huɗu. Malama ta san adadinsu, gwiwoyinta ne suka ƙirga. Kwana uku a mako takan hau ta yini da ɗansu har uwar ta dawo. Direba ake ce wa yaron, don tun yana rarrafe ba abin da yake so a duniya kamar murfin tukunya. Ya riƙe shi da hannu biyu yana juyawa, ko ya kafa shi a ƙasa ya wulwula, ya kwantar da kumatu a kan siminti yana kallo har ya faɗi. Kyakkyawan yaro ne mai manyan idanu, ga dariya idan ya ga dama. Sai dai ya kai shekara biyu da wata bakwai bai ce komai ba. Ba Mama, ba Baba, ba ruwa. Ba ya nuna abu da yatsa, in an kira shi sau biyar da ƙyar ya waigo sau ɗaya.

Da auta ta fara ramewa saboda damuwa, sai Malama ta ce, "Ke, kwantar da hankalinki. Yara nawa suka shigo hannuna bakinsu a rufe suka fita suna karanta jarida? Ki bar ni da angona, wata uku ya ishe ni."

Ta sayo ƙaramin allo da alli kala huɗu da takardar nan mai hotunan dabbobi, ta sa kafinta ya yi ɗan benci daidai tsayin yaron. Ƙarfe tara na bugawa za ta kwashe murafan tukunya ta ɗora a kan firiji, ta zaunar da ango a benci, ta tsaya a kansa.

"Mene ne wannan? Kalle ni nan! Akuya ce. Ce akuya. Buɗe baki mana! Ban ji ba!"

A mako uku yaron ya koyi abu ɗaya tak, kuma ya koye shi da kyau: ya gane muryar kakarsa tun daga ƙasan bene. Da zarar ta fara gaisawa da mai shagon ƙasa, sai ya saki abin da ke hannunsa, ya ruga ya shige tsakanin kujera da bango, ya toshe kunnuwa. In ta miƙa hannu za ta ɗauke shi, ya sandare ke nan, ya tsala ihun da har maƙwabta sai sun leƙo. Malama ta ce taurin kai ne, ta san irinsu. Amma a motar komawa gida takan zauna tana kallon taga ba ta gyara wa kowa magana ba, har kwandasta ya tambaye ta ko jikin ne.

Wata ranar Alhamis auta ta dawo daga aiki, ta ajiye jaka, ta ce, "Mama, zauna mu yi magana."

Malama ta zauna ba musu, don auta ba ta ce mata Mama sai magana ta kai magana.

"Mun je wurin likita. Ya duba kunnensa, lafiya lau yake ji. Ya ce jinkiri ne yake da shi wajen magana da hulɗa da mutane, kuma gara a fara taimaka masa tun yanzu. Akwai wani ɗaki a bayan asibitin unguwa, ana kai irin waɗannan yaran duk Talata, ana taimaka musu ta hanyar wasa. Sun ce a zo da duk wanda ke yini da shi."

"Wasa?" in ji Malama. "Yaro bai iya magana ba, maimakon a koya masa sai a kai shi wasa? Wanda yake yi a nan bai ishe shi ba?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Mama, tsoronki yake ji. Ranar da za ki zo ko karyawa ba ya yi. In abin bai sauya ba zuwa ƙarshen watan gobe, dole in nemi wadda za ta riƙa yini da shi. Ki yi haƙuri, ba don ba na son ki ba ne."

Maganar ta soke ta, ba ƙaramin suka ba. Yara sama da dubu sun bi ta hannunta, wasu har yau in sun gan ta a hanya sai sun tsayar da mota sun gaishe ta, ga shi jikanta na cikinta yana ɓoye mata a bayan kujera. Ta gyara gilashinta, sannan ta ce, "Ƙarfe nawa ne Talatar?"

Ranar Talata ta sa kayanta masu kyau, ta ɗauki littafin rubutu da jan biro, don a ranta duba makaranta za ta je. Ɗakin mai faɗi ne, an shimfiɗe shi da katifar roba. Komai na cikinsa a ƙasa yake: kantocin kaya iya gwiwa, madubi iya gwiwa, baho biyu na ruwa, kwalaye, cokula, ƙwallaye, tsofaffin takalma, tulin soso. Babu allo. Babu ko hoton harafi ɗaya a bango. Kujerar manya kuwa ta duba gabas ta duba yamma, babu. Can a lungu wani ƙaton mai walda, hannunsa duk tabon wuta, yana rub da ciki yana hura wa 'yarsa kumfar sabulu, yana yi yana cewa "Fau!" Malama ta kau da kai don kada ta kunyata shi, shi kuwa ko a jikinsa.

Mai kula da ɗakin, wadda kowa ke ce wa Anti, ta taso da fara'a, sai ta tsaya cak, ta dafe ƙirji, ta durƙusa.

"Malama! Malama Ƙararrawa! Ina kwana? Ba ki gane ni ba?"

Malama ta sauke gilashi zuwa kan hanci. Shekara ashirin da wani abu sun wuce, amma wannan haƙorin gaba mai ɗan gibi ba ya ɓata mata. "Tsalle? Ke ce? Layi na uku, kusa da taga?"

"Ni ce, Malama. Har yanzu takardar sakamakona tana wurin babana. Kin rubuta, yarinyar na da ƙwaƙwalwa amma wasa ya yi mata yawa."

"Na kuwa yi ƙarya?"

"Ba ki yi ba. Ga shi ma ya zama aikina."

Auta ta fashe da dariya, ta farko a makonni. Malama ta harare ta, sannan ta tambayi inda za ta zauna. Anti ta nuna ƙasa. Saukar Malama ƙasa sai da ta zama aikin mutum uku, gwiwa ta yi ƙara, ƙugu ya amsa, ita kuma tana ambaton Allah a kowane mataki.

"Ki yi wasa da shi minti biyar kamar yadda kika saba," in ji Anti. "Ni kallo kawai zan yi."

Direba ya riga ya gano murfin wata tukunyar roba, ya koma gefe ya ba su baya. Malama ta matsa, ta ɗauki ƙwallo. "Mene ne wannan? Wane launi ne? Ina hancinka? Nuna mini hanci. Wa ya saya maka riga?" Duk tambayar da ta yi sai ta ji wani abu ya yi ƙwal a bayanta. Da minti biyar suka cika yaron na can ƙarshen ɗaki, Anti kuma ta miƙo mata kofi cike da murafan kwalba.

"Kowane ɗaya tambaya ce, Malama. Ashirin da shida. Kuma ba ki jira amsar ko ɗaya ba."

"To ai ba ya amsawa!"

"Yaushe zai amsa? Kafin ta farko ta gama shiga kansa, ta huɗu ta iso. Yaro irin Direba yana buƙatar lokaci, kuma in ya ga duk zuwan mutum jarrabawa ce, sai ya gudu. Ki duba nan."

Anti ta ɗauki wani murfin, ta je ta kwanta ɗan nesa da yaron, fuskarta daidai tasa. Ba ta kira shi ba, ba ta taɓa nasa ba. Ya wulwula, ta wulwula. Nasa ya faɗi, nata ya faɗi, ta ce "Kwal!" a hankali, ta yi shiru. Sau huɗu ana haka. A na biyar ya ɗago ya kalle ta cikin ido, ya jira ta faɗa, da ta faɗa sai ya ƙyalƙyale da dariya har yana buga ƙafa. Malama ta ɗaure fuska. Kishi ne, ba ta ɓoye wa kanta ba. Rabon da ta ji dariyar nan a kusa da ita har ta manta.

Kafin su tafi Anti ta ba ta aikin gida. Ta sauko ƙasa daidai idonsa. Abin da yake yi shi za ta yi, ba ita za ta zaɓa ba. Ba tambaya. Kalma ɗaya, sannan ta ƙirga goma a zuci kafin ta sake buɗe baki. Malama ta rubuta duka da jan biro, ta ja layi biyu a ƙarƙashin goman, ta ce wannan ai ba wani abu ba ne.

Ashe shi ne abu. Washegari ta mayar da allo da benci bayan ƙofa, ta sauko da murafai, ta zauna a ƙasan kicin. Ta ƙirga ɗaya, biyu, uku, a na huɗu sai ta ji bakinta yana cewa "Wannan babba ne ko ƙarami?" ba da izininta ba. Ta gwada cije leɓe, bai yi ba. Ta gwada alewa, ta tauna ta haɗiye ta ci gaba da magana. Daga ƙarshe dabara ta faɗo mata: ta guntsi ruwa ta riƙe a baki.

A haka surukinta ya same ta da ya dawo ɗaukar wata na'ura da ya manta. Ya turo ƙofar kicin, ga surukarsa, matar da ko tari ba ya iya yi a gabanta, zaune dirshan a ƙasa, kumatu a kumbure, ɗankwali ya karkace, tana kokawa da murfin tukunya. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ɗaga masa hannu. Ya sake gaisuwa, ta zare masa ido. Bawan Allah ya fita da baya da baya, ya bar na'urar, ya kira matarsa daga ƙasan bene ya ce ta zo da abin awon jini in za ta dawo.

Wata matsalar kuma, Malama ba ta iya wulwula murfi ba. Duk wanda ta kafa sai ya kife nan take. Yaro ɗan shekara biyu na yi da yatsa uku, ita mai takardar shaidar koyarwa ta kasa. Ta koma gidanta ta riƙa gwadawa bayan la'asar, kwal, kwal, kwal, har maƙwabciyarta ta aiko tambaya ko ɓera ne ya shiga kwanuka. Sai a kwana na biyar murfin ya tsaya ya yi juyi uku, Malama ta yi guɗa ita kaɗai a ɗaki.

Sannu a hankali abu ya fara motsi. Da farko yana bayan kujera yana leƙe. Daga nan ya fito ya zauna a bakin ƙofar kicin. A mako na uku ya shigo da nasa murfin, ya zauna nesa da ita kamar taku uku, ya wulwula, da ya faɗi sai ya buɗe baki ya ce, "Wal."

To, a nan Malama ta ɓata rawarta. Shekara talatin da uku na aji suka taso mata gaba ɗaya. Ta haɗiye ruwan, ta tafa hannu, ta daka tsawar murna: "Madalla! Yawwa angona! Sake faɗa! Ce kwal! Tashi tsaye ka faɗa!" Kofunan da ke kan kanta sai da suka amsa. Yaron ya toshe kunnuwa ya ruga, kuma duk sauran makon bai sake fitowa daga bayan kujera ba.

Talatar da ta biyo, da aka tashi, ta ce wa auta su yi gaba. Ta zauna tana taya Anti tsame cokula daga baho, ta gaya mata abin da ya faru, ba ta rage komai ba.

"Saura mako uku a kawo mai reno," ta ce. "Kuma ba zan ga laifinsu ba. Tsalle, ni fa ban iya wasa ba. Mu takwas ne a gidanmu, ni ce babba. Ina shekara shida akwai ƙani a hannuna, kafin in sauke shi an haifi wani. Ban taɓa samun 'yar tsana ba sai mai kuka da gaske. Da na shiga makaranta kuma sai aka ce ni ce monita. Ban san yadda ake zama da yaro ba tare da ana gyara shi ba."

Anti ba ta yi saurin amsawa ba, kuma Malama ta lura, yarinyar nan ƙirga goma take yi mata.

"Malama, ke kika koya mini karatu. Ranar da na haɗa kalmar farko, ihun murnar da kika yi ne ya sa na je gida ina jin ni wata ce. Muryarki ba laifi ba ce, ta yi wa Direba girma ne kawai. Kuma kin manta wani abu: kusa da ke ya zo ya faɗi abin da ya faɗa. Ba kusa da ni ba. Ba zan yi miki alkawarin ranar da zai yi magana ba, ban sani ba, mai duba matsalar maganar yara ma da ke zuwa nan duk wata ba ta sani ba. Amma yaron da ya fito sau ɗaya zai sake fitowa. In ya yi abin kirki, ki yi murmushi, ki maimaita abin da ya ce, shi ke nan."

"Murmushi kawai? Ko tafi ɗaya?"

"Ki ajiye tafin, in kin sauka ƙasan bene ki yi wa mai shago."

Haka kuwa aka yi. Ta daina gaisuwa da ƙarfi a ƙasa, ta riƙa hawa a hankali, ta wuce kicin kai tsaye ba tare da ta neme shi ba. Kwana huɗu tana wasa ita kaɗai, tsohuwa da murfi. A na biyar ya dawo bakin ƙofa. A na bakwai ya shigo. Wata safiya nata ya faɗi, ta ce "Kwal," ta yi shiru tana ƙirgawa, kafin ta kai takwas sai ya turo mata murfin da ƙafa, wai ta sake. Zuciyarta ta yi tsalle, amma ta danne, ta yi murmushi, ta sake. Da yamma mai shagon ƙasa yana auna wa wata sukari sai ga Malama a gabansa tana tafi tana cewa madalla. Mutumin ya ce amin, bai tambayi dalili ba.

Daga murfi suka koma ruwa. Ta cika roba a banɗaki, yana zuba kofi tana zubawa, tana cewa "Zuba," har zanenta ya jiƙe sharkaf. Ta gano cewa in ta ɗaga kofin ta tsaya ba ta zuba ba, sai ya ɗago ya kalle ta, wani lokaci ya ce "Ba." Ta gano kuma, abin da ba ta gaya wa kowa ba, cewa zuba ruwa daga kofi zuwa kofi akwai daɗi. A ɗakin Talata ta zama 'yar gida. Ita da mai walda suka shiga gasar wanda kumfarsa ta fi girma, ya cinye ta sau uku, ta ce sabulunsa ne ya fi nata. Wata sabuwar uwa ta zo da ɗanta tana kuka, Malama ta matsa mata wuri a katifa, ta miƙa mata soso, ta ce, "Zauna 'yata, nan duk ƙasa muke."

Duk da haka abu ɗaya bai sauya ba. Yana wasa kusa da ita, yana turo mata kaya, amma bai yarda ta taɓa shi ba. In hannunta ya gogi nasa sai ya janye. Auta ba ta sake tayar da zancen mai reno ba, Malama ma ba ta tambaya ba, sai dai ta ga wata lambar waya a rubuce an manna a jikin firiji, kuma ta san ta wace ce. Kullum in ta buɗe firijin sai ta kau da ido.

Ranar Alhamis ta ƙarshen wata, auta ta dawo wajen ƙarfe biyar saura. Malama ta tashi daga ƙasa da dabararta ta dafa kujera, ta kakkaɓe zane, ta rataya jaka. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga wa yaron hannu kamar yadda take yi kullum, ta ce, "Sai gobe," ta juya tana neman takalminta da ƙafa.

Sai ihu ya tashi a bayanta.

Ta san ihun nan, ta sha shi. Ta ja da baya ta manne da ƙofa, tana cewa, "Me na yi? Wallahi ban taɓa shi ba. Na ɗaga murya ne? Bari in tafi, bari in tafi, yi haƙuri angona." Tana ƙoƙarin buɗe ƙofar ta ji an riƙe ta. Ta duba ƙasa. Direba ne, ya cukuikuyi gefen zanenta da hannu biyu, fuska jage-jage da hawaye, yana ja da iya ƙarfinsa zuwa cikin ɗaki.

"Mama," in ji auta, "ba tsoro ba ne. Ba ya so ki tafi."

Malama ta kalli 'yarta, ta kalli yaron. Jakar ta zame daga kafaɗarta. Ta sauka ƙasa a nan bakin ƙofa, cikin takalma, ba ta ma nemi abin dafawa ba. Ba ta miƙa hannu ba, ta dai zauna. Yaron ya tsaya yana jan numfashi, har yanzu zanen na hannunsa. Sai ya juya mata baya, ya matso da baya da baya, ya zauna a cinyarta, ya jingina kansa a ƙirjinta, ya sauke ajiyar zuciya mai tsawo.

Kansa na ƙanshin sabulu haɗe da zufa. Yana da nauyi fiye da yadda ta zata, don rabon da ta ɗauke shi tun bai kai haka ba. Daɗi ya cika ta har ya yi mata yawa, hawaye suka gangaro ta ƙarƙashin gilashi suna ɗiga a gashinsa, ta bar su, don goge su sai ta motsa hannu. Auta ta tsaya ta rufe baki da tafin hannu, tana kuka tana dariya.

"Mama, motar biyar za ta wuce ki."

"Ta wuce."

"Ƙafarki fa? Kin lanƙwasa ta, za ta yi miki tsami. In ɗaga shi ki gyara?"

Ƙafar ta riga ta mutu tun daga gwiwa har yatsu, ƙugun ma ya fara kai ƙara. Malama ta sa hannu ɗaya a hankali ta zagaye cikin yaron, ta jira ya janye. Bai janye ba, sai ma ya kama babban yatsanta ya riƙe.

"Ki bar ƙafar," ta ce. "Ina da wata."